Ma'aunin tausayin ma'aikatan jinya da batun fassara shi

A babban asibitin Rano ko a ɗakunan shan magani na ƙauyukan Kibiya, ma'aikacin jinya ne yawanci ke fara sauraron majinyaci. Idan bai fahimci damuwarsa ba, majinyacin kan ɓoye wani ɓangare na ciwonsa saboda kunya, ko ya daina zuwa asibiti.

Wannan ne ya sa masana suka ƙirƙiro hanyoyin auna wannan hali. Mafi shahara shi ne ma'aunin Jefferson, wanda Dakta Mohammadreza Hojat da abokan aikinsa suka fitar a shekarar 2001 a birnin Philadelphia na Amurka.

Ma'aunin yana da jimloli 20, kuma mai amsawa kan nuna yardarsa da kowace daga maki 1 zuwa 7. Ke nan jimillar maki daga 20 zuwa 140 take. An fassara shi zuwa harsuna sama da 50.

Wani bincike da aka wallafa a 2011 kan masu ciwon sukari 891 ya nuna cewa waɗanda likitocinsu suka sami maki mai yawa sun fi shawo kan cutar.

Matakan fassara

Bisa ƙa'ida, masu fassara biyu ne kan juya jimlolin, kowa shi kaɗai. Daga nan sai wani da bai taɓa ganin na asali ba ya mayar da su Turanci, kwamitin masana ya kwatanta. A ƙarshe a gwada a kan ɗalibai, a sake gwadawa bayan 'yan makonni, don ganin ko amsoshin za su daidaita.

Masu bincike a Jami'ar Bayero ta Kano sun bi irin wannan hanya wajen fassara ma'aunin ciwon baya na Oswestry zuwa Hausa, wanda aka wallafa a 2019.

Inda gizo ke saƙar

Abin da ma'aunin Jefferson ke nema shi ne fahimtar halin da majinyaci ke ciki da nuna masa an fahimta. Kalmar tausayi kuwa ta fi karkata ga jin zafin abin a zuci. Idan mai fassara bai bambance su ba, sai a auna wani abu dabam.

Haka kuma rabin jimlolin da sigar korewa aka rubuta su, abin da kan rikita mai amsawa. Akwai kuma kara: ɗalibi na iya zaɓar amsar da yake ganin malaminsa zai so. Shi ya sa ake ɓoye sunayen masu amsawa.