Yadda Raspberry Pi ke saita kanta a kunnawar farko

Raspberry Pi ƙaramar kwamfuta ce mai girman katin banki, da aka ƙirƙira a Kambirij ta ƙasar Ingila, ta shiga kasuwa a watan Fabrairun 2012. Ba ta zuwa da allo ko madannai, kuma tsarin aikinta yana kan katin microSD. Don haka mai ita yakan rubuta mata umarni a kan katin tun kafin ya kunna ta, ita kuma ta karanta ta aiwatar a tashin farko.

Katin yana da wani ƙaramin sashe na tashi mai tsarin FAT, wanda kowace kwamfuta, har mai Windows, ke iya buɗewa. Nan ake ajiye umarnin. Tun ƙarshen 2016 hanyar shiga daga nesa ta SSH a rufe take zuwa. Fayil marar komai mai suna ssh shi ke buɗe ta. A watan Afrilun 2022 aka soke tsohon asusun pi da kalmar sirrinsa raspberry, wadda kowa ya sani, har ɓarayin intanet. Yanzu sai mutum ya ƙirƙiri nasa, misali a fayil ɗin userconf.txt. Tsohuwar dabarar ajiye wpa_supplicant.conf don haɗa Wi-Fi ta daina aiki daga sigar Bookworm ta Oktoban 2023, amma tsofaffin bayanai na ci gaba da koyar da ita, suna ɓata wa mutane lokaci.

Hanya mafi sauƙi ita ce manhajar Raspberry Pi Imager, wadda ta fito a 2020. Tana tambayar sunan na'ura, asusu, Wi-Fi da yankin lokaci, ta rubuta su a katin da kanta. Ubuntu kuwa cloud-init take amfani da shi, DietPi tana da dietpi.txt.

Masu karatu a Nijar, Kamaru da Chadi su kula da madannai. Tsarin yana zuwa da jerin haruffan Ingila, QWERTY, alhali a ƙasashen da ke aiki da Faransanci AZERTY ne ya yawaita. In ba a zaɓi fr ba, A za ta koma Q, a ƙi karɓar kalmar sirrin da take daidai. Lambar ƙasa ta Wi-Fi ma dole ce: NE, CM, TD ko GH. Nijar NE ce, NG ta Najeriya ce. Yamai, Duwala da Njamena duk awa 1 suke gaban GMT, Akara kuwa a kan GMT take.

A wannan tashin ne tsarin ke faɗaɗa kansa ya cika katin, ya sake kunna kansa. Idan wuta ta ɗauke a tsakiyar aikin, katin na iya lalacewa, sai an sake rubuta shi daga farko. Inda lantarki ba shi da tabbas, gara a yi kunnawar farko da batirin ajiya mai ƙarfi.