Daga Ƙofar Aji Zuwa Ƙofar Ofis: Nazari a Kan Haƙƙin Naƙasassu na Ilimi da Aikin Hukuma a Birnin Sakkwato

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi haƙƙoƙi biyu da dokar Nijeriya ta tanadar wa naƙasassu, wato ilimi da rabo a aikin hukuma, ta auna su da tarihin ƙasar Hausa da fiƙihun Malikiyya, kana ta ɗauki unguwar Sabon Gari ta Sakkwato a matsayin mahallin misali. Matsayarta ita ce, rabon da aka yanka a ofis ba ya tabbata sai an riga an tabbatar da shi a aji.

Muƙaddima

Bayan da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar kare haƙƙin naƙasassu a 2006, Nijeriya ta sa hannu a 2007 ta kuma tabbatar da ita a 2010, sai da aka shafe shekaru ana kai-komo a majalisa kafin Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna musu bambanci a watan Janairun 2019. Dokar ta wajabta musu ilimi kyauta har ƙarshen sakandare, ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su gyara mashigarsu, ta ɗora tarar naira miliyan 1 kan kamfanin da ya saɓa da naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 kan mutum ɗaya. Sannan a sashe na 29 ta nemi ma'aikatun hukuma su sa aƙalla kashi 5 cikin 100 na ma'aikatansu su zama naƙasassu. Sai dai wannan sashe an ɗaure shi da ƙaidin iyawa, ma'ana gwargwadon abin da ya yiwu, kuma duk wanda ya san halin ofis ya san cewa ta irin wannan kafa wajibi ke sulalewa ya koma mustahabbi.

Gadon da muka tarar

Ba daidai ba ne a ɗauka cewa wannan mas'ala baƙuwa ce gare mu. Ɗalibin da ya kai Suratu Abasa a allonsa ya san cewa dalilin saukarta makaho ne, Abdullahi ɗan Ummu Maktum, wanda daga baya ya zama ladani, wanda kuma Manzon Allah (SAW) ya riƙa wakilta shi kan Madina idan ya fita. A ƙasar Hausa kuwa, tsarin sarauta ya san da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, masu sasanta jama'arsu da kai kukansu fada. Ko da yake, a faɗi gaskiya, iyakar ikonsu bai wuce kan 'yan'uwansu ba.

Abin da ya fi cancantar tsayawa a kansa shi ne yanayin karatun kansa. Makarantar allo da ta zaure, tun da ginshiƙinsu kunne ne da harshe da hadda, malami ya biya almajiri ya maimaita, ba su taɓa rufe wa makaho hanyar zama alaramma ko malamin fiƙihu ba. Shi ya sa Zariya ta iya fitar da Malam Aliyu Namangi, mai Imfiraji, wanda rashin gani bai hana waƙensa shiga kowane lungu na ƙasar Hausa ba. Da boko ya zo da baƙin allo da alli da jarrabawar takarda, sai ya mayar da ido sharaɗin karatu, makaho ya wayi gari a waje ba tare da hankalinsa ya ragu da komai ba. Kurma kuwa, wanda tsarin farko bai yi masa wani tanadi ba, na biyun ma ya daɗe bai waiwaye shi ba.

Wani zai kawo hujja da cewa Mukhtasar na Shaihu Halil ya wajabta tuɓe alƙali makaho ko kurma ko bebe. Haka ne, amma a wuri guda ya zartar da hukuncin da suka riga suka yanke, kuma illar da fuƙaha'u suka lura da ita ita ce buƙatar rarrabe mai ƙara da wanda ake ƙara da jin shaidu. Hukuncin ya rataya ne ga abin da aikin yake buƙata, don haka ba ya halatta a yi ƙiyasinsa kan malamin makaranta ko akawu ko mai ba gwamna shawara, balle a zamanin da na'ura ke karanta wa makaho takarda.

Ƙofar aji

Makarantar makafi ta Gindiri mishan ne suka kafa ta a 1953, kuma sai a manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 hukuma ta ware wa ilimi na musamman babi nasa. A Sakkwato, sunan da kowa ya sani shi ne makarantar A. A. Raji, mai karɓar makafi da kurame da sauran masu buƙata ta musamman, kuma amfanin da ta yi ba ya musantuwa. Amma jiha mai ƙananan hukumomi 23 ba za ta jingina wannan nauyi kan makaranta ta musamman kaɗai ba, alhali dokar ta ce kowace makarantar gwamnati ta zama mai karɓar kowa, da ƙwararren ma'aikaci aƙalla ɗaya, da rubutun makafi da maganar hannu cikin manhaja.

Akwai kuma wata matsala da ba a cika ambata ba. Maganar hannun da ake koyarwa a makarantun Nijeriya asalinta daga Amurka take, ta biyo sawun aikin Andrew Foster wanda ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960, alhali kuramen Hausa suna da tasu maganar hannun da suka gada, wadda Constanze Schmaling ta yi nazarinta a Kano. Yaron da aka kai makaranta ya koyi wadda iyayensa ba su sani ba, sau da yawa yakan dawo gida ya rasa mai taya shi bita. Hukumar JAMB ta yi abin yabo da ta shirya wa makafi jarrabawa ta musamman tun 2017, sai dai wannan gata na wanda ya riga ya ƙetare firamare da sakandare ne.

Sabon Gari da ƙofar ofis

Sashe na 14(3) na tsarin mulkin 1999 ya wajabta raba muƙamai tsakanin jihohi da ƙabilu, har akwai hukuma mai kula da haka. Sashe na 42 kuwa, da ya lissafa dalilan da ba a yarda a bambanta ɗan ƙasa saboda su ba, ya ambaci ƙabila da mahaifa da jinsi da addini da ra'ayin siyasa, bai ambaci naƙasa ba. A aikace, ma'aunin rabon shi ne takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma.

A nan ne Sabon Gari ke bayyana abin da sauran unguwanni ke ɓoyewa. Unguwa ce irin wadda ta tashi a biranen Arewa domin saukar baƙi, kuma da yawa daga waɗanda aka haifa a cikinta takardar asalinsu tana nuni ga wata jiha. Gurgun da aka haifa a nan, ya yi karatu a nan, idan ya nemi aiki a jiha ana iya ce masa ba ɗan ƙasa ba ne, idan kuma ya koma garin kakanninsa babu wanda ya san shi da zai tsaya masa. Ga shi tafiyar da mai lafiya zai yi a kwana ɗaya, shi sai da ɗan rakiya da ninkin kuɗin mota. Katanga biyu ke gabansa, ta naƙasa da ta asali, dokar 2019 kuwa ɗaya kawai ta hango.

Gwamnatin Aliyu Magatakarda Wamakko ta shahara da ba naƙasassu naira 6,500 kowane wata, kuma duk wanda ya san talauci ba zai raina wannan ba, haka ma abin da ke fitowa ta hannun hukumar zakka da waƙafi. Amma tallafi babinsa daban ne da na amanar muƙami, kuma naɗa mutum ɗaya mai ba da shawara kan al'amuran naƙasassu ba ya sauke farali, domin komawa ne ga tsarin Sarkin Makafi da sabon suna. Abin da ake nema shi ne a ga kurma a ofishin kuɗi, makauniya a gaban aji, gurgu a teburin babban sakatare.

A ganin wannan maƙala, kowace ma'aikata ta riƙa bayyana adadin naƙasassun da ke cikinta da matakinsu kowace shekara. Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su sa rubutun makafi da maganar hannu cikin horon kowane malami. Kason naƙasassu a aikin jiha kuwa a ɗora shi kan zama da haihuwa, ta yadda ɗan Sabon Gari zai nema a garin da ya tashi.