Gizon da ke Hawa Iska

Ina yaro a wani ƙauye kusa da Galmi, da sassafe nakan ga siraran zaruruwa suna ƙyalli a kan karan gero. Kakata ta ce Gizo ne ya yi tafiyar dare. Ashe ba tatsuniya ba ce. Ƙananan gizo-gizo kan hau tsinin ciyawa, su ɗaga ciki sama, su saki zare, iska ta kwashe su zuwa wata gona.

Masana sun daɗe suna bin sawunsu. A 1832 Charles Darwin yana cikin jirgin ruwan Beagle, kusan kilomita 100 daga gaɓar Ajantina, sai ga dubbansu sun sauka a igiyoyin jirgin. Daga 1926 wani Ba'amurke, P. A. Glick, ya riƙa ɗaura tarko a jirgin sama a jihar Luwiziyana, har ya kamo gizo a tsayin mita 4,500. A 1964 cibiyar Rothamsted ta Ingila ta fara kafa bututu mai tsawon mita 12.2, wanda fanka ke zuƙo iska ta cikinsa, duk ƙwaron da ya shigo ya faɗa kwalba. Mai ƙaramin ƙarfi kuwa ragar waya yake shafa wa danƙo, ya kafa a sanda.

Wannan na ƙarshen na gwada bara a gonar albasar kawuna. Kwana uku kacal, ƙurar hunturu ta rufe danƙon ruf! Kawu ya yi dariya ya ce, "Ɗana, ƙura ka zo kamawa?" Na sake shafawa, na koma dubawa kullum da safe, sai na fara samun ƴan mitsi-mitsin gizo a maƙale.

To, me ya sa za mu damu? Gizo ba ya cin albasa, ba ya cin gero. Ƙwarin da ke cinsu yake ci. In manomin fadamar Ƙonni ko na Illela ya fesa magani, har da gizon yake kashewa, kuma ta iska wasu ke sake shigowa gonar. Wanda ya san lokacin zuwansu zai san ranar da bai kamata ya yi feshi ba.

Ƴan uwa ɗalibai, raga da sanda da littafin rubutu sun isa. Ni dai bana tun kaka zan kafa tawa, kafin ƙura ta taso.