Tsawon Doka da Fayyacewarta: Daga Ƙwallon Amurka zuwa Gasar Kofi a Karaye da Rogo

Masu rubuta dokokin wasa sun daɗe da ɗauka cewa duk rigimar da ta tashi a fili giɓi ne aka bari a takarda, maganinta kuwa a ƙara sakin layi. Babu inda wannan zato ya yi tasiri kamar a ƙwallon Amurka, wadda ta samo asali daga zari-ruga. A 1876 wakilan jami'o'in Harvard da Yale da Princeton da Columbia suka zauna a Springfield suka amince da dokoki 61. Walter Camp ya kawo layin da ake jeruwa a 1880, a 1882 aka ƙayyade cewa ƙungiya ta ci yadi biyar cikin yunƙuri uku ko ta rasa ƙwallo. Kowane gyara ya haifi nasa sharuɗɗan, har ta kai hukumar NFL tana fama da bayyana abin da ƙaramin yaro ya sani, wato cafe ƙwallo.

A Satumban 2010 Calvin Johnson na Detroit ya cafe ƙwallo a yankin cin maki a wasansu da Chicago. Ƙafafunsa biyu sun taka ƙasa, ya faɗi da ita a hannu, sai da ya dafa zai tashi ta rabu da shi. Alƙalai suka soke cin, domin doka ta ce wanda ke faɗuwa sai ya riƙe ƙwallo har ƙarshen faɗuwar. To ina ƙarshen faɗuwa yake? Haka aka yi wa Dez Bryant na Dallas a Janairun 2015. Sai a Maris na 2018 masu ƙungiyoyi 32 suka amince a rage dokar zuwa sharaɗi uku: riƙo, taka ƙasa, da wani motsi irin na mai ƙwallo, kamar taku na uku. Abin lura, alƙalan ba su saɓa wa rubutu ba. Rubutun ne ya saɓa wa abin da ido ya gani.

Ƙwallon ƙafa ma ba ta tsira ba. A 2016 David Elleray ya jagoranci rage dokokin hukumar IFAB daga kalmomi kusan 22,000 zuwa 12,000, amma a 2019 aka sake kumbura dokar taɓa ƙwallo da hannu, a 2021 aka koma gyaranta.

A dambe kuwa, da hannu ko gwiwa sun taɓa ƙasa an yi kisa, in turmi uku ya cika ba kisa a raba. Ba wai ’yan dambe sun fi Amurkawa iya tsara magana ba ne. Alƙali da makaɗa da ’yan kallo duk abu ɗaya suke gani, kuma ma'ana ɗaya suke ba shi, shi ya sa dokar ba ta buƙatar jela.

Sai dai kuskure ne a ce kowace gajeriyar doka bayyananniya ce. Dubi takardar sharuɗɗan da kwamitin gasar kofi ke rabawa a garuruwanmu bayan kaka ko lokacin Sallah. Za ka tarar da dogon bayani kan ladabi da biyayya ga rafali, har da maimaita hukuncin jan kati da satar gida, waɗanda dokoki 17 na ƙwallo suka riga suka gama da su. Batun da ke watsa gasa kuma, wato sojan haya, layi ɗaya ake ba shi: ɗan gari kaɗai zai buga. A yanki irin Rogo, mai iyaka da Kaduna da Katsina, wannan layi tamkar shinge ne da ba ƙyaure. Yaron da aka haifa a Karaye yana karatu a Zariya ɗan gari ne? Wanda aure ko noman rani a bakin madatsar Challawa ya zaunar fa? Ido ba ya raba wannan gardama, rafali bai san asalin kowa ba, kuma galibi sai an ci ƙungiya take tuna cewa mai lamba tara baƙo ne.

A ganina ma'aunin shi ne a tambayi kowane sakin layi wa zai yi hukunci da shi, kuma da me. Abin da rafali zai yanke cikin ƙiftawar ido a bar shi gajere, a amince masa. Abin da kwamiti zai yanke a zaune, da shaida a gabansa, nan ya kamata a kashe tawada: a faɗi ko haihuwa ce ke sa mutum ɗan gari ko zama, in zama ne na tsawon wane lokaci, wa zai shaida, mai unguwa ko dagaci, yaushe za a rufe rajista da hotunan ’yan wasa. A kuma rubuta ƙarara cewa ƙorafi kan ɗan wasa ana shigar da shi ne kafin a busa usur, duk wanda ya zo bayan an tashi ba za a saurare shi ba.