Ƙofar Nassarawa a Tsofaffin Hotuna

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. To, 'yan makaranta, yau muna so mu tsaya da ku a bakin Ƙofar Nassarawa, mu buɗe tsofaffin hotunan Kano, mu ga abin da za su gaya mana game da kakanninmu.

Ku fara sanin wannan. Ganuwar Kano ta girmi hoto da shekara fiye da 700. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwa, ɗansa Yusa ya gama. Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, kuma ga zamaninsa ake danganta ƙofar nan tamu. Hikimar ɗaukar hoto kuwa sai a 1839 aka bayyana ta ga jama'a a ƙasar Faransa. Ba a daɗe ba ta bazu cikin ƙasashen Turai. A ƙasar Romaniya, wani mai suna Karol Satmari ya ɗauki hotunan sojoji a yaƙin Kirimiya cikin 1854, ya kuma ɗauki na birnin Bukares da na mutanen ƙasar cikin tufafinsu na gado. Da irin waɗannan jikokinsu ke sanin kamannin kakanninsu har yau.

Mu a nan ba mu sami wannan da wuri ba. Lokacin da Bature Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, da hannu aka zana birnin kamar yadda ya hango shi daga kan Dala. Hotuna ba su yawaita ba sai bayan ran 3 ga Fabrairu 1903, ranar da sojan Ingilishi suka shiga Kano, Sarki Alu yana can wajen Sakkwato. Gwamna Lugga da ya ga ganuwar ya yi mamaki, ya rubuta cewa tsayinta ya kai ƙafa 30 zuwa 50.

To, me muke gani cikin hotunan ƙofofin birni na wannan zamani? Muna ganin gini na jar ƙasa, mai kauri ƙwarai a gindi, yana tsukewa yayin da ya yi sama. Mashigar kuwa ƙunci gare ta, kamar dogon zaure, an rufa ta da azara. Da gangan magina suka matse ta, don kada mahaya su iya kutsowa da yawa gaba ɗaya. Kowace ƙofa tana da Sarkin Ƙofa, shi ke rufe ta da dare, ya buɗe da asuba. Wanda dare ya yi masa a waje, sai ya kwana a waje. Wanda ke son ya ga irin ƙyauren ƙarfen da ake rufe ƙofofin da su, ya tafi Gidan Makama, akwai su a ajiye, da tsofaffin hotuna kuma.

Ƙofar Nassarawa tana duban gabas, wajen gidan sarki na Nassarawa, kuma zamanin Turawa ya ƙara mata girma a kan 'yan'uwanta. Turawan mulki a wannan gefe suka zauna. A nan Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa cikin 1909, inda 'ya'yan sarakuna da malamai suka fara koyon boko. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, tasha ma a wajen ganuwa ta gabas aka yi ta. Saboda haka sarki in zai gana da Razdan, da ɗan makaranta mai ɗauke da allonsa, da fatake masu kai gyaɗa da fatu kanti, da yawansu ta wannan gefe suke bi. Hawan Nassarawa da ake yi bayan Salla ya samo sunansa daga wannan hanya. A gidan Nassarawa kuma aka binne Sarki Ado Bayero a 2014, Allah ya ji ƙansa.

Amma hotunan da suka fi ba mu mamaki su ne waɗanda aka ɗauka daga sama. Jirgin sama ya fara sauka a Kano a 1925. Bayan shekara biyar, a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wani matuƙin jirgi mutumin Suwizalan, Walta Mitalholza, ya ratso ta nan cikin tafiyarsa ta zuwa Tafkin Cadi, a tsakanin 1930 da 1931, ya ɗauki birnin daga sama. Hotunansa suna ajiye a birnin Zurik. Ku duba su, za ku ga soraye jere kamar saƙar zuma, da lunguna, da kududdufai inda aka haƙi ƙasar gini. Za ku ga kuma filaye masu faɗi a cikin ganuwa. Magabata sun bar su ne don in abokan gaba sun kewaye gari, a yi noma a ciki, kada yunwa ta ci mutane. Yau gidaje sun cinye filayen nan.

Duk da haka, kada ku ɗauka hoto yana faɗin kome da kome. Mai ɗaukar hoto abin da ya ga dama yake ɗauka, kuma yawancin masu ɗauka a wancan zamani baƙi ne. Sukan rubuta sunan Gwamna da na Sarki a ƙasan hoto, amma mai jaki, da marini, da yarinya mai tallar fura, ba a tambayi sunansu ba. Alhali kuwa irin waɗannan mutane su suka ɗauki ƙasa a ka, suka yi yaɓen ganuwar bayan damina. Hoto yana nuna fuska, amma sai tsoho ya gaya maka ko ta wane ne.

Yanzu ku je ku dubi wurin da idonku. Ƙofar da ke tsaye ginin zamani ce, an faɗaɗa hanya saboda motoci, ga gadar sama kusa da ita. Badala kuwa ruwan sama ya zaizaye ta, masu ɗibar ƙasa da masu gini sun ci wani wajen. A 2007 aka sa ganuwar Kano cikin jerin wuraren da Nijeriya ke nema wa matsayin kayan tarihin duniya. In ta ƙare, hoto kaɗai zai rage shaida, shi kuwa takarda ne, gara da damshi ba su ƙyale shi.

Don haka ga aikin da muke roƙonku. In an tashi hutu, ku tambayi kakanninku su buɗe muku adaka. Duk hoton da kuka samu, ku zauna gabansu da ladabi, ku tambayi wane ne wannan, a wace unguwa, a zamanin wane sarki. Ku rubuta amsar da fensir a bayan hoton, kada da tawada, don takan huda takarda. Sa'an nan ku ajiye shi inda ruwa da rana ba su kai. Ku gaggauta, don tsohon da ya san mutanen nan ba zai jira ku har abada ba.

Allah ya ji ƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe abin da suka bar mana, amin.