Rubutu, Sirri da 'Yancin Samun Bayanai a Zangon Kumasi

Gabatarwa

A yau idan ana maganar kwamfuta da intanet, akan ji kalmomi irin su "buɗaɗɗen tsari" da "yin komai a fili". Abin da ake nufi shi ne mutum ya iya ganin bayanan da hukuma ta ajiye, ya fahimce su, ya kuma nemi gyara idan akwai kuskure. Wannan takarda za ta duba yadda al'amarin ya kasance a Zangon Kumasi ta ƙasar Gana.

Zamanin Sarakunan Asante

A farkon ƙarni na 19, malamai Musulmi ne masu alƙalami a Kumasi. Baturen nan Thomas Bowdich, wanda ya ziyarci birnin a 1817, ya tarar suna da ƙima a fadar Sarki Osei Bonsu. Su ke rubuta wasiƙu da layu da Larabci. Rubutu a lokacin sirri ne tsakanin malami da fada, talaka ba ya ganinsa. Wasu daga cikin takardun suna ajiye a ɗakin karatu na birnin Kofanhagan a ƙasar Danmak, ana kuma kyautata zaton an kwashe su ne bayan yaƙin Katamanso na 1826.

Zuwan Turawa da Bayansa

Bayan Ingila ta mamaye Kumasi a 1896, Zango ya bunƙasa da fataken goro da sauran baƙi daga Arewa. Amma sai reshe ya juye da mujiya. Harshen ofis ya koma Turanci, waɗanda a da su ke rubuta wa sarki suka zama waɗanda ake rubuta bayanansu a fayil ɗin da ba su iya karantawa.

Illar wannan ta fito fili a watan Nuwamba na 1969, lokacin da gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama kwana 14 ya bar ƙasar. Mutane da yawa da aka haifa a Zango ba su da takardar da za ta tabbatar da haka. Dole iyalai suka sayar da kadarorinsu da araha suka tashi.

Dokar 2019

Tsarin mulkin Gana na 1992 ya amince da 'yancin samun bayanai, amma sai a 2019 majalisa ta zartar da dokar da ta fayyace yadda za a yi amfani da shi, wato Doka ta 989. Dokar ta wajabta wa jami'i ya ba da amsa cikin kwana 14. Wanda bai iya rubutu ba yana iya faɗin buƙatarsa da baki, jami'in ya rubuta masa.

Kammalawa

Tarihin Zango ya nuna cewa ajiye bayani daban, isarsa ga mai shi daban. Ko da an ɗora takardun hukuma a intanet, muddin da Turanci kaɗai suke, tsohuwar da ke sayar da koko a Zango tana buƙatar mai fassara kafin ta san abin da aka rubuta a kanta. Saboda haka ana auna buɗaɗɗen tsari ne da yawan mutanen da suka iya karanta shi suka kuma yi tambaya a kansa.