Matsalar Rarraba Mugun Ƙari Mai Manyan Ƙwayoyin Halitta a Sassan Jiki Masu Laushi

A shekarar 1972 aka wallafa bincike biyu kan wani ƙari da ke fitowa a ƙarƙashin fata ko cikin tsoka, wanda idan aka yanko samfurinsa aka duba da madubin likita sai a ga manyan ƙwayoyin halitta masu cibiyoyi da yawa, kama da ƙwayoyin da ke narkar da ƙashi, waɗanda masana ke kira ostiyokilas. Salm da Sissons sun bayyana marasa lafiya 10 da ƙarinsu bai nuna muguwar ɗabi'a ba, yayin da Guccion da Enzinger, daga cibiyar nazarin cututtuka ta sojojin Amurka, suka tattara 32 ƙarƙashin sunan mugun ƙari mai manyan ƙwayoyi. Daga baya aka cusa wannan rukuni na biyu cikin babban ajin sarkoma da aka fi sani da MFH, sarkoma kuwa ita ce sankarar da ke tasowa daga nama da tsoka da makamantansu.

Kuskuren ya fara ne tun daga sunan mugun ƙari mai manyan ƙwayoyi, domin an ɗora shi a kan ƙwayar da ta fi cika ido, alhali ba ita ce mai cutar ba. Waɗannan manyan ƙwayoyi baƙi ne da ƙarin ke janyowa daga jini, kuma ana samun su a cututtukan da ba su da dangantaka da juna: sankarar tsoka mai santsi, da sankarar ƙashi da ke tsirowa a wajen ƙashi, har da wasu nau'o'in sankarar nono da ta maƙoƙo. Ƙwayoyin da ke yanke hukunci su ne ƙanana masu cibiya ɗaya da ke tsakaninsu, waɗanda ido kan tsallake. Idan cibiyoyinsu sun yi daidai da juna, babu muni a siffarsu, to ƙarin yakan tsaya inda yake. Idan kuwa sun bambanta ƙwarai, suna rarrabuwa ta hanyar da ba ta dace ba, ga kuma mataccen nama a ciki, to sarkoma ce mai tsanani wadda kan bazu zuwa huhu.

A 1992 Fletcher ya sake nazarin samfuran da aka yi wa laƙabin MFH, ya nuna cewa mafi yawansu wasu cututtuka ne dabam da za a iya gane asalinsu. A 1999 kuma Folpe da Morris da Weiss suka ware masu sauƙi daga cikin ƙari masu manyan ƙwayoyi, suka kira su ƙari mai ƙarancin yiwuwar zama mugu, kuma suka lura cewa ko da an ga ƙwayoyinsa cikin jijiyoyin jini, ko an ga suna yawan rarrabuwa, wannan kaɗai bai isa a kira shi sankara ba. Irin wannan ƙari yakan kasu gungu-gungu, da zaruruwa a tsakani, sau da yawa da ɓawon ƙashi a gefensa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi a matsakaicin aji a 2002, wato wanda ba kasafai yake bazuwa ba, sannan ta jingine sunan MFH a 2013.

Kamannin wannan ƙari da ƙari mai manyan ƙwayoyi na ƙashi ma ya zama na fuska kawai, tunda sauyin ƙwayar gado ta H3F3A, wanda aka gano a 2013 a mafi yawan na ƙashi, ba a samunsa a na sassa masu laushi.

Saboda haka bai kamata tsohon sunan, wato mugun ƙari mai manyan ƙwayoyi, ya ci gaba da bayyana a rahoton ɗakin gwaji a matsayin hukunci na ƙarshe ba, domin yana haɗa majinyata biyu masu buƙatu dabam. Na farko yakan wadatu da a cire ƙarin gaba ɗaya da tsabtataccen gefe, a riƙa bibiyarsa don kada ya dawo. Na biyu yana buƙatar tiyata mai faɗi, sau da yawa da gashin haske, da binciken huhu. Inda babu rinin gano sunadarai, wajibi ne mai duba samfurin ya yanki wurare da yawa na ƙarin, ya nemi alamar ƙashi ko tsoka a cikin ƙananan ƙwayoyin, ya kuma rubuta matakin tsananinsu a fili domin likitan tiyata ya san iyakar abin da zai cire.